Hular da Hannu Uku Suka Ɗinka

Mu'mina matar Babakura, ta unguwar Umarari, ba sha'awa ce ta mayar da ita ɗinkin hula ba. Tukunya ce ta yi sanyi. Mijinta bakaniken babura ne, yana da rumfarsa a bakin titin Baga shekara kusan ashirin, har ranar da aka hana hawa babur a Maiduguri saboda masu harbin mutane a kansa su tsere. Da yamma aka faɗa a rediyo, kashegari titi ya yi fayau. Masu dokar suna da hujjarsu, ba wanda ya musa. Amma a cikinsu ba wanda ya tako ya tambayi irin su Babakura me za su kai gida. Ƙato da ƙarfinsa ya koma zaman tabarma a zaure, yana goge sifana da tsumma, ya jera su, gobe ya sake gogewa.

Ita ba mai yawan magana ba ce, kuma ba ta iya zama tana kallon abu yana lalacewa ba. 'Yar Shehuri ce. Mahaifinta malami ne da ke ɗinkin hula tsakanin darasi da darasi, a gefensa ta koyi riƙon allura tun tana 'yar shekara tara. Da ta yi aure sai ta ajiye, sai dai in Sallah ta matso ta yi wa mijinta guda. Sati biyu da zaman Babakura, ta buɗe akwati ta ciro ragowar zare da ƙyallen farin yadi, ta zauna gindin bishiyar maina da ke tsakar gida. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta kuma jira jari daga ko'ina ba.

Wanda bai san aikin ba gani yake wasa ne. Ana zana fure a kan yadin da fensir, sannan a bi zanen da allura, ɗigo bayan ɗigo, har farin ya ɓace a ƙarƙashin zare. Hula mai kyau takan ci sati uku, wani lokaci huɗu. Kafin a gama ta sha gumin hannu da hayaƙin murhu ta yi dauɗa, dole a kai wa mai wankin hula ya jiƙa ta, ya cuɗe, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan icen da aka sassaƙa kamar kan mutum, ya buga ya goge. Sai a lokacin take amsa sunan hula.

Mai wankin da ta sani shi ne Ba Ajimi, wani tsoho a Shehuri, abokin marigayi mahaifinta, wanda ruwan sabulu ya cinye masa farata tun tana yarinya. Shi ya sayar mata da ta fari da ta biyu. Ta huɗu tana kan ice tana shan rana, wani Bakano mai suna Alhaji Inuwa, da ke zuwa sarin huluna yana kaiwa kasuwar Kurmi, ya tsaya ya ɗauka. Bai dubi furen ba. Juya ta ya yi ya dubi ciki, domin masu sani a ciki suke karanta hannu. Ya ga zaren a kwance kamar an taje shi, ba ƙulli ba tsallake. Ya ce wa tsohon duk abin da wannan hannun ya ɗinka a ajiye masa.

Haka ta yi shekara uku ita kaɗai. In an sa dokar hana fita, ɗinki. In an ji ƙara daga wajen gari, a tura yara ɗaki, a koma ɗinki. Lokacin da aka katse layukan waya wata da watanni, direban motar Kano ne ke kawo mata zare da saƙon baki, ya koma da hula a naɗe cikin jarida. Babakura kuwa a hankali ya koyi cikin keke napep ya koma rumfarsa, fuskarsa ta dawo. Abu ɗaya ta riƙe tun farko ba ta taɓa saki ba: kuɗin zare ba na cefane ba ne, ko da kunu za a sha a kwanta.

A shekarar da Konduga ta watse, mutanenta suka shigo gari a ƙafa. Cikinsu akwai Ya Fanna, gwaggon Babakura, da surukanta biyu da jikoki da maƙwabtan da ba su da kowa a birni. Gida mai mutum bakwai ya koma ashirin da shida. Ba a yi taro a kan haka ba, ba wanda ya ɗauki hoto. Tabarmi aka ƙara, aka ƙara wa miya ruwa. Duk garin haka aka yi, gida gida, tun kafin fararen motoci su iso da tutocinsu suna ƙirga mutane.

Kwana kaɗan da zuwansu, Ya Fanna ta zauna kusa da Mu'mina tana kallon hannunta, can sai ta miƙa nata. Mu'mina ta ba ta sabon ƙyalle da allura. Layi ɗaya tsohuwar ta yi, Mu'mina ta san an fi ta. Ashe a cikin baƙin har mata takwas sun iya, a can shi ne aikinsu in an gama girbi. Hannu ɗaya ya zama tara. Kowacce ta ɗauki hularta daga farko har ƙarshe, ba don wani ya kafa doka ba, haka kowa ya tashi ya gani. Mu'mina ke zaɓen launi, ita ke magana da Kano, kuma a bakin kowace hula daga ciki takan sa ɗan ƙullin koren zare, alamar gidanta. Kafin shekara ta zagayo, a Kurmi an fara tambayar ɗinkin Umarari da suna. Matan da suka zo da zane ɗaya suka fara sayen sabulunsu da kansu, wanda ga mai zaman gidan wani ba ƙaramin abu ba ne.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta gayyace ta bita ta kwana uku a otal, ita da wasu mata masu sana'a. Ɗaki mai sanyin na'ura, shayi da safe, shinkafa da kaza da rana. Wani saurayi mai laushin hannu ya tsaya gaban majigi yana koya wa matan da ke ciyar da mutum ashirin-ashirin yadda ake sana'a. Ya nuna musu hoton wata masana'antar takalma a ƙasar waje: wannan yanka kawai yake yi, wannan manna, wannan zura igiya. Ya ce sirrin girma ke nan, a raba aiki gunduwa-gunduwa kowa ya riƙe guda. Da za a miƙa masa allura da zare, ko rantsuwa aka yi ba kaffara, sai la'asar ta yi bai zura ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, kada a ɗora masa duka. Magana ba ta shiga sai ta tarar da ƙofa a buɗe. Kullum safiya mata daga sansanin gudun hijira suna tsaye a ƙofar gidan da goyo, suna roƙon aiki ba sadaka ba, ita kuwa ta san kafin mace ta iya hula sukutum sai ta shekara. Kunyar sallamar su ta ishe ta. Ga Alhaji Inuwa kuma yana waya, yana cewa da za ta iya ba shi ɗari biyu kafin Babbar Sallah da ya karɓe duka. Tana zaune a otal ɗin tana juya abin a ranta: hula sai shekara, amma ɗinki iri ɗaya ai sati ya isa a koya.

Ta dawo ta kama gidan maƙwabcinsu da ya kwashe iyalinsa ya koma Bauchi. Ta ɗauki mata sittin. Kashi na fari suna bin layin zane, kashi na biyu suna cike furanni, su Ya Fanna kuma suna cike filin da ya rage su gyara baki. Hula ta bar wannan hannu ta faɗa wancan, ba ta hutawa. Abin da ke cin sati uku ya koma kwana takwas. Da yake kuma ba ta daɗe a hannu ba, ba ta yin dauɗar da za a ce sai an jiƙa ta, ga shi Ba Ajimi ba zai iya da yawansu ba. Sai aka riƙa kai wa masu guga a kasuwa, su yayyafa sitaci su goge. Suka fito tsaye ƙyam suna sheƙi. Saura kwana goma Sallah, ɗari biyu da ɗoriya suka tafi Kano. A layin gidansu har guɗa aka yi. Matan sansani suka yi wa 'ya'yansu ɗinkin Sallah, wasu karo na farko tun barinsu gida.

Sati shida bayan Sallah, lokacin da maza ke fara kai hulunansu wanki, Ba Ajimi ya aika a kira ta. Ta same shi da hantsi a rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nuna mata wata shuɗiyar hula a kan ice. Mai ita a Kano ya sayo ta. Gefe ɗaya ya tsuke ya ɗage sama, ɗayan ya saki ya yi tumbi. Furannin da ya kamata su yi sahu sun zama kamar masu rigimar layi a bakin famfo. Ya juya bakinta ya nuna mata koren ƙulli.

"'Yar malam, hannu nawa ne a hular nan?"

"Uku, Ba."

"Ni huɗu na ƙirga, amma ke kika sani." Ya ɗora yatsa a gefen da ya tsuke. "Wannan jan zare take kamar mai jan guga. Wannan kuwa tsoron yadin take ji. Kowane hannu da nauyinsa. In hannu ɗaya ne, ko mai ja ce ko mai saki, ruwa zai kama ko'ina daidai, hula ta tsuke gaba ɗaya ta zauna. In kika haɗa su, sitaci zai rufa miki asiri. Ruwa ba ya rufawa."

Ta tambaye shi ko tana gyaruwa. Ya ce tun da ya fito yake bugunta, har maƙwabta sun leƙo su ga da wa yake faɗa. Ya ce mahaifinta bai gaya mata wannan ba ne don bai taɓa zaton akwai mai yi ba.

Kafin sati ya zagayo, direba ya sauke buhu biyu na hulunan da aka dawo da su a ƙofar gida. Alhaji Inuwa ya kira ta da kansa, kuma bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce abokan wani ango su goma sha biyu sun yi anko da hulunanta, bayan wanki kowa tasa ta kalli alƙiblarta daban, sun zo sun zube masa su a kan tebur a gaban maƙwabta.

"Hajiya, shekarata talatin a Kurmi, ba a taɓa jefo min hula ba sai bana. Kada ki sake aiko min da komai. Allah ya ba kowa rabonsa."

Shi ne ƙofarta guda ɗaya zuwa Kano, kuma a Kurmi magana ba ta kwana, wanda bai saya ba ma ya ji. A Maiduguri kuwa a shekarun nan masu ɗinka hula sun kusa fin masu sa ta yawa, kowane sansani allura ce ke tashi, ana sayarwa a wulaƙance. In ƙofar Alhaji Inuwa ta rufu, aikin gindin maina ya mutu ke nan.

Ta zazzage buhunan a tsakar gida. Ya Fanna ta ɗauki ɗaya, ta shafa, ta ajiye, babu ko alamar mamaki a fuskarta. Wannan ne abin da Mu'mina ta lura da shi.

"Ya Fanna, da ma kin san haka za ta faru?"

Tsohuwar ta ce tun ranar farko ta sani. Su takwas ɗin duk sun sani, har sun yi maganar a ɗaki tsakaninsu.

"To me ya hana ki faɗa min?"

"'Yata, tuwonki nake ci, ɗakinki nake kwana, zanen jikina ke kika saya. Kin dawo daga wurin masu ilimi da takarda a hannu kina murna. Da wane bakin zan ce miki ba haka ake yi ba?"

Irin karar da ke kashe mutane ke nan. Mutum ya ga rami a gabanka ya yi shiru don kada a ce baƙo ya yi rashin kunya, in ka faɗa ya zo yana yi maka sannu. Mu'mina ta so ta yi faɗa, ta duba ta ga ba ta da wurin tsayawa. Wata huɗu tana ba da umarni, ko sau ɗaya ba ta zauna ta tambayi matar da ta fi ta iya allura me ta gani ba. A nan take ta ce daga ranar Ya Fanna ce mai duba aiki, duk hular da ba ta yarda da ita ba ba za ta fita ƙofar gida ba, ko da Mu'mina ce ta ɗinka.

"In kika sake ganin ɓarna kika yi shiru, Ya, ranar ce za ki zama baƙuwa a gidan nan."

Babakura ya ba da shawarar a cire koren ƙullin, a danna musu sitaci mai kauri, a kai kasuwannin gefen gari a sayar da araha, wa zai sani. Ba mugu ba ne, asarar ce take cin sa. Mu'mina ta ce ita za ta sani, kuma talakan da ya daɗe yana tarin kuɗin hula bai yi mata laifin komai ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi komai nauyi matan nan sittin ne. Ta tara su da safe a gidan haya, ta faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana. Ta ce laifinta ne ba nasu ba, su abin da aka koya musu suka yi. Ta ce kowace gwana za ta iya riƙe 'yan koyo biyu, sha takwas ke nan, sauran sai haƙuri. Ba a rabu da daɗi ba. Wata Lauratu, mutuniyar Bama mai 'ya'ya biyar, ta miƙe ta ce da ma an bar su a inda suke, domin wanda bai samu ba yana da dama-dama a kan wanda aka ɗanɗana wa aka janye. Ba ƙarya ta yi ba. Har yau in sun haɗu a hanya Lauratu kawar da kai take, Mu'mina kuwa ba ta taɓa cewa an zalunce ta ba. Masu bita ma sun aiko daga baya a ɗauki hoton mata sittin don rahotonsu. Aka ce musu sun makara.

Ta mayar da mukullin gidan haya. Ta sayar da firjin da ko da ma ba wutar kunna shi, ta sayi zare. Karkatattun hulunan kuwa su suka zama makaranta. Ya Fanna ta ba kowace 'yar koyo guda da allura ta ce ta warware. Mai warwara yatsunta ne ke gaya mata inda aka ja da inda aka saki, kafin ta gama hula biyu ta san nauyin hannunta. Da zaren da suka warware suka fara ɗinka hulunan yara, kowacce tata daga farko har ƙarshe, ko ta yi kyau ko ta yi muni. Gwanayen tara suka koma aikinsu na da. Duk hular da aka gama sai ta shiga ruwan Ba Ajimi sau biyu, a jiƙa ta sosai ta bushe, a sake. A wata na fari Ya Fanna ta mayar da uku, ɗaya ta Mu'mina ce, ta kuma faɗa a gaban kowa.

Wata biyar ba ta kira Kano ba. Abin da aka ɗinka a tsakani Ba Ajimi ke sayarwa ɗaya-ɗaya a gari, a farashin da bai kai wahalar ba, don dai a ɗora tukunya. Sai da ta ware goma sha huɗu waɗanda tsohuwa da tsoho duka suka kasa samun abin faɗa a kansu, ta zuba a jakar bakko ta nufi tasha. Hanyar Damaturu a lokacin ba a buɗe ta sai rana ta fito, a kowane shinge kuma a sauka a taka da ƙafa, a buɗe jaka. Wani soja ya ɗaga hula ɗaya ya tambayi kuɗinta, ta faɗa masa, ya mayar da ita a hankali da hannu biyu. Ta kwana gidan ƙanwar mahaifiyarta a Fagge, da hantsi ta shiga Kurmi.

Alhaji Inuwa ya karɓe ta da mutunci. Ya ba ta kujera, aka kawo ruwa, ya tambayi mutanen Borno, ya jajanta abin da yake ji a rediyo, ya tambayi lafiyar Ba Ajimi. Jakar kuwa ko kallonta bai yi ba. Da ta kai hannu za ta zuge, ya ce ta bari, ba ya son ya gani ransa ya biya. Sabuwar hula duk kyau gare ta, in ji shi, wancan karon ma kyau ne ya cuce shi.

"Gaskiyarka, Alhaji. Ban zo ka ga kyau ba. A taimake ni da bokitin ruwa da sabulu."

Ya sa aka kawo. Ta ce ya zura hannu a jaka ya zaɓi wadda ya ga dama, ita ba za ta duba ba. Ya ciro wata ruwan toka mai baƙin fure. Ta gyara mayafi, ta tsoma ta a ruwa a tsakiyar layin 'yan hula, ta cuɗa ta kamar tsumman girki, ta ɗauraye ta matse. Maƙwabta suka fara leƙowa. Mai rumfar kusa, Muhammad Auwal, wanda suka saba tsokanar juna da Alhaji Inuwa tun suna samari, ya ce ashe Inuwa ya buɗe gidan wanki bai kira su walima ba. Aka aro ice a wurin masu wankin bayan layi, aka ɗora hular a rana, ba sitaci ba guga.

Sai jira. Hula mai cikakken ɗinki ba ta bushewa da wuri. Ta ba shi labari tun daga otal har buhu biyu, ba ta rage ba, ba ta jingina wa kowa ba. Shi ma, yana kallon wani wuri, ya ce da ya ji ɗari biyu za su fito daga gidan da ke ba shi goma ya kamata ya tambaya, kwaɗayin kasuwar Sallah ne ya rufe masa baki. Aka yi azahar. Ya sa aka kawo mata gurasa bandashe, ta ci kaɗan. Masu saye suka zo suka tafi, kowanne sai ya tambayi hular wa ce ake shanya a hanya. Aka yi la'asar.

Da ya taɓa ya ji ta bushe, ya ɗauke ta daga icen, ya juya ciki, ya bi bakinta da yatsa, ya ɗora ta a tafin hannu ya ɗaga daidai ido yana juyawa. Sannan ya cire tasa ya sa ta, ya fuskanci maƙwabcinsa.

"Auwalu, ta karkace?"

"Hular dai lafiyarta ƙalau. Kan ne ba yadda za a yi da shi, haka aka haife shi."

Alhaji Inuwa bai yi dariya ba sai da ya zauna. Ya ce zai karɓi sha huɗun, amma ta sani ba zai kira su ɗinkin Umarari ba. Sunan ya ƙone a layin nan, in ya ambata mai saye ajiyewa zai yi. Zai sayar da su a matsayin hular Borno kawai, sai sun je wanki a Kano sun dawo, masu su sun zo da ƙafarsu suna tambayar wa ya ɗinka. Wannan ya yi mata ciwo fiye da buhu biyun, amma ta ce ta yarda, ita ta ƙona, ita za ta jira.

Sai kuma ɗan kasuwan ya motsa. Ya ce in haka aikin ya koma, ta riƙa aiko masa da hamsin a wata.

"Sha biyu," in ji ta.

Ya ce azumi na tafe, akwai masu ba shi hamsin ba tare da ya roƙa ba.

"Ka karɓa a wurinsu, Alhaji. Ni hannu tara gare ni. Ranar da 'yan koyo suka nuna, Ya Fanna ce za ta faɗa, ba ni ba, ba kai ba."

Ya shafa hular da ke kansa. Can ya ce to, sha biyun, amma kada su wuce goma ga wata. Ta juye sauran a kan teburinsa, ta naɗe jakarta ta sa a hammata, ta tambaye shi wane layi ake samun zare mai kyau a sari, tana so ta saya kafin a tashi kasuwa.